Yadda Za a Samu Hoto Garau da Murya Tsaf Daga Ƙaramar Kyamarar Kwamfuta

A 'yan shekarun nan kiran bidiyo ya zama hanyar neman abinci ga mutane da yawa a zangunan Kumasi. Akwai malamai a Aboabo da Asawase da suke biya wa yaran 'yan uwanmu mazauna Amurka da Jamus da Ingila karatun Alƙur'ani ta kwamfuta, akwai 'yan kasuwa da suke duba kaya a Dubai da Sin kafin su tura kuɗi, akwai kuma matasa da ake yi wa tambayoyin ɗaukar aiki ba tare da sun taka Accra ba. Kukan kusan dukkansu iri ɗaya ne: fuska ta yi duhu, hoto ya yi dishi-dishi, murya kuma tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Abin da yake fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya tafi Adum ya sayo kyamara mai tsada. A ganina sau da yawa wannan asarar kuɗi ce, domin laifin ba na kyamarar ba ne, na ɗakin ne da inda aka zauna a cikinsa, kuma ƙaramar kyamara ta isa matuƙar an ba ta abin da take bukata.

Yana da kyau a fara sanin abin da ke hannu. Kyamarar da aka rubuta wa 720p tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, jimilla 921,600, mai 1080p kuwa tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan biyu kaɗan, kuma yawancinsu suna ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa. Logitech C270, wadda ta daɗe a kasuwa, misali ce ta kashin farko: makirufo ɗaya gare ta, idonta kuma a kafe yake, ba ya daidaita kansa da nisa ko kusa. C920 tana kashi na biyu, tana da makirufo biyu, idonta kuma yana bin tazarar abin da ke gabansa. Bambancin da ke tsakaninsu gaskiya ne, amma ba ya isa ga wanda ake magana da shi yadda ake zato, saboda a Zoom da Google Meet aika hoton 1080p na masu biyan kuɗin rajista ne, sannan manhajar kiran tana matse hoton tana rage shi gwargwadon ƙarfin intanet. Mai asusun kyauta da ya sayi babbar kyamara ya biya kuɗin ɗigon da ba za su bar ɗakinsa ba.

Murya ce ta kamata a fara gyarawa, kuma a nan zan fi daɗewa. Mutane suna iya haƙuri da hoto mara kyau na tsawon sa'a guda, amma idan magana tana yankewa ko tana amsa-kuwwa, cikin mintuna kaɗan hankali yake watsewa, ɗalibi ya gaji, mai ɗaukar aiki ya fara duba agogo. Makirufon da ke jikin kyamara ɗan ƙarami ne, yana ɗaukar sauti daga kowace kusurwa, kuma babbar matsalarsa ita ce nisa. Kyamara tana zaune a kan allon kwamfuta, kimanin santimita 60 daga bakin mai magana. A ƙa'idar sauti, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa ga makirufo yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar fanka da hayaniyar tsakar gida da hon ɗin pragya, wato babur mai ƙafa uku, a bakin titi suna nan yadda suke. Idan aka dawo da makirufo daga santimita 60 zuwa 15, an samu ƙarin kimanin desibel 12 ga muryar ita kaɗai, kuma wannan ƙari ne da kunne yake ji nan take.

Hanya mafi arha ta yin haka ita ce iyafis mai waya, irin wanda ake sa wa wayar hannu, mai ɗan makirufo a jikin igiyarsa. A soka shi a kwamfuta, sannan a shiga saitin sauti na manhajar kiran a zaɓe shi da hannu a wuri biyu, wurin makirufo da wurin lasifika. Wannan zaɓin shi ne abin da ake yawan mantawa: mutum ya sa iyafis a kunne yana jin abokin maganarsa da kyau, amma manhajar tana ci gaba da ɗaukar muryarsa daga kyamara. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗan ƙwanƙwasa makirufon iyafis da farce, a duba ko ma'aunin sauti ya motsa, sannan a ƙwanƙwasa jikin kyamara a ga wanda ya fi tayar da ma'aunin. A kula kada makirufon ya riƙa gogar wuyan riga ko hijabi, domin wannan gogar tana isa can da ƙarfi fiye da magana. A maƙale igiyar da ɗan fil ko a riƙe ta a gefen baki, ba a gabansa daidai ba, don kada iskar numfashi ta riƙa bugunsa. Kwamfutar tebur mai rami biyu, kore na lasifika da ruwan hoda na makirufo, tana bukatar 'yar wayar da ke raba kan iyafis gida biyu, kuma ana samunta a shagunan kayan waya. Na Bluetooth ba na cika ba da shawararsa ba, saboda da zarar makirufonsa ya fara aiki ingancin sautin yana sauka, ana samun ɗan jinkiri, ga kuma caji da kan ƙare a tsakiyar darasi.

Iyafis yana kuma maganin amsa-kuwwa, kuma akwai abin da ya kamata a fahimta game da ita don a daina zargin wanda ba shi da laifi. Idan kana jin muryarka tana dawo maka, matsalar ba daga wurinka take ba. Lasifikar abokin maganarka ce take fitar da muryarka, makirufonsa ya sake ɗauka ya maido maka. Saboda haka shi ne zai rage ƙarar lasifikarsa ko ya sa iyafis. Haka nan idan na'ura biyu a ɗaki ɗaya suka shiga kira guda, za a ji wata ƙara mai tsinin gaske, kuma ba za ta tsaya ba sai an kashe makirufo da lasifikar ɗaya daga cikinsu.

Ɗakin kansa yana da hannu a cikin yadda murya take fita. Ɗaki mai tayil da bangon siminti wanda babu kaya a cikinsa yana mayar da sauti ta ko'ina, ɗaki mai katifa da labule da darduma da kaya a rataye kuwa yana shanye shi. Don haka ɗakin kwana yakan fi falon da aka ƙawata da tayil daɗin murya. A tafa hannu sau ɗaya a saurara. Idan sautin ya ci gaba da yawo bayan tafin, a shimfiɗa darduma, a saki labule, a rataya bargo a bangon da ake fuskanta. Fanka kada ta hura kai tsaye kan makirufo, a juya ta gefe ko a rage gudunta. A lokacin damina, ruwan Kumasi a kan rufin kwano mara silin yana iya rufe magana gaba ɗaya, kuma a irin wannan hali babu dabarar da ta wuce kusanto da makirufo bakin mutum da kashe shi duk lokacin da ba a magana.

Ga malamai masu koyar da karatu akwai wani abu na musamman. Manhajojin kira suna da tacen hayaniya da aka gina domin magana ta yau da kullum, kuma idan aka sa shi a matakin ƙarshe yana iya ɗaukar sauti mai tsawo a matsayin ƙara ya rage shi, ya kuma daƙushe haruffa masu iska. A wajen hira wannan ba komai ba ne, amma a wajen tajwidi, inda ake son yaro ya ji tsawon madda da gunna, ya kuma rarrabe sinun da sadun, hasara ce babba. A Zoom ana iya mayar da tacen zuwa mataki mafi ƙanƙanta, ko a kunna zaɓin da aka rubuta wa Original sound for musicians, wanda yake barin murya ta wuce yadda take. Sharaɗin shi ne ɗakin ya kasance shiru kuma malam da ɗalibi duka su sa iyafis, in ba haka ba duk hayaniyar gida za ta bi muryar ta wuce. Ya dace malam ya nemi iyayen yaron su gyara nasu ɓangaren ma, tunda shi ne mai sauraron karatun yana gyara kuskure.

Daga nan sai haske. Abin da ke karɓar hoto a cikin ƙaramar kyamara ɗan mitsitsi ne, kuma hasken da yake tarawa kaɗan ne. Idan ɗaki ya yi duhu kyamarar tana yin abu biyu don ta cike giɓin: tana ƙara ƙarfin siginar, wanda shi ne yake kawo tsakin nan da ke yawo a hoto, tana kuma daɗewa kafin ta kammala kowane hoto, sai adadin ya sauka daga 30 zuwa 15 ko ƙasa da haka, motsin hannu da leɓe ya riƙa jan jela. Duk waɗannan alamomin ƙarancin haske ne, kuma idan aka ƙara haske suna gushewa ba tare da an taɓa kyamarar ba.

Na ga wannan a ɗakin wani malami a Aboabo. Teburinsa yana tsakiyar ɗaki, taga a bayansa, yana sanye da farar jallabiya da farar hula. A allon kwamfuta tagar ta yi fari fat, jallabiyar tana ƙyalli, fuskarsa kuwa ta zama inuwa, ko motsin leɓensa ba a gani, alhali leɓen ne ɗalibi yake bukatar kallo. Aka juya teburin ya fuskanci tagar, aka saki farin labule mai shara-shara don rana kada ta buge shi kai tsaye, ya ɗora riga mai ruwan toka a kan jallabiyar. Kyamarar ba ta canja ba, amma idanu da haƙora da gemu duk suka fito sarai. Dalilin shi ne kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki, don haka idan akwai abu mai fari sosai a gabanta sai ta rage hasken komai, kuma baƙar fata ce take fara ɓacewa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke son fararen kaya. Wanda ba ya son sauya tufafi yana iya shiga saitin kyamara ya ƙara haske da hannu har fuskar ta fito, ko da rigar za ta yi fari fiye da kima, domin fuskar ake son gani. Riga mai siraran layuka, irin wasu batakari, ita ma tana sa hoto ya riƙa rawa, gara mai launi ɗaya.

Da yake rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a Kumasi kusan duk shekara, kuma birnin New York yana bayanmu da sa'a 4 ko 5 gwargwadon lokacin shekara, yaron da ya dawo daga makaranta ƙarfe huɗu na yamma a can zai sami malaminsa a ƙarfe takwas ko tara na dare a nan. Ke nan yawancin darussan a hasken lantarki ake yin su. Ƙwan da ke rataye a tsakiyar silin bai wadatar ba, saboda yana haska tsakar kai ya bar inuwa a ƙarƙashin idanu, idan kuma akwai fankar sama kusa da shi inuwar fukafukanta tana iya sa hasken ya riƙa ƙyaftawa. A samu fitilar tebur a ajiye ta a bayan kwamfuta, ɗan sama da ido kuma ɗan gefe. Idan haskenta ya yi kaifi, a juya ta ta haska farin bangon da ke gaban mutum, hasken ya dawo kan fuska a tausashe. Kusantar fitila tana da tasiri sosai, domin idan aka ninka nisanta hasken da ke sauka a fuska yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kada kuma a haɗa ƙwai iri biyu a ɗaki ɗaya, mai rubutun 6500K wanda haskensa fari ne mai ɗan shuɗi da mai 2700K wanda yake rawaya, saboda kyamara launi ɗaya take iya daidaitawa, sai rabin fuska ya fito daban. Fitila mai caji ta fi dacewa, don idan aka ɗauke wuta kwamfutar cinya za ta ci gaba da batirinta, fuska ma ba za ta ɓace ba.

Wani lokaci ana ganin layuka masu duhu suna gangarawa a hoto, ko hoton yana ƙyaftawa a ƙarƙashin doguwar fitila ko ƙwai mai arha, sai a ɗauka kyamarar ta lalace. Lantarkin Ghana yana gudana ne a kan hertz 50, wato yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, abin da yake sa irin waɗannan fitilu su ƙyafta sau 100 a daƙiƙa, na Amurka kuwa hertz 60 ne. Kyamarar da aka saita domin kasuwar Amurka, ko wadda ɗan uwa ya aiko daga can, ba ta dace da fitilunmu ba sai an gaya mata. A nemi wurin da aka rubuta Anti-flicker ko PowerLine Frequency a manhajar kamfanin kyamarar, ko a cikin manhajar OBS Studio wadda kyauta ce, a mayar da shi 50.

Zaman kyamara ba ya bukatar dogon bayani. Ta kasance daidai da ido, ko da za a ɗora kwamfutar a kan kwali, a bar ɗan fili a saman hula, kafaɗu kuma su shigo cikin hoton. Tazarar tsawon hannu ta isa. Kyamara mai kafaffen ido ba ta ganin abin da aka kawo dab da ita sarai, don haka idan ana son nuna shafi ko rasit gara a ɗauki hotonsa da waya a tura. Rubutun da mutum yake gani a juye a nasa allon kada ya dame shi, can ana ganinsa daidai. A gidan haya mai mutane da yawa ya kamata bango ko labule ya kasance a bayan mai magana, ba ƙofa ba, domin kada iyali su riƙa giftawa baƙi suna ganinsu. Labule na gaske ya fi bangon bogi na manhaja, wanda yake wahalar da tsohuwar kwamfuta yana kuma cinye gefen hula da kunne.

Intanet shi ne ƙofar da hoto da murya suke bi, kuma abin dubawa shi ne saurin aikawa, ba na saukewa kaɗai ba. A ƙididdigar Zoom, kira tsakanin mutum biyu yana bukatar kilobit 600 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, aikawa da saukewa, domin hoto na yau da kullum, megabit 1.2 domin 720p, murya kaɗai kuwa kilobit 60 zuwa 80. Idan aka lissafa, sa'a guda a matakin farko tana cin kimanin megabayit 540, a 720p gigabayit ɗaya da ɗoriya, murya zalla kuwa ba ta kai megabayit 100 ba. Wanda yake sayen data a MTN ko Telecel ko AT da kuɗin aljihunsa ya kamata ya san wannan lissafin kafin ya yanke kuɗin darasi. Idan sabis ya yi rauni, a kashe zaɓin HD a Zoom ko a mayar da aikawa 360p a Google Meet, in abin ya ci tura a kashe hoton gaba ɗaya a ceci muryar. Wayar da ake jan intanet daga gare ta a ajiye ta a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, a haɗa ta da kwamfuta da igiyar USB idan zai yiwu, a kuma roƙi mutanen gida su dakata da kallon bidiyo a layin har a gama. Kyamarar ma a soka ta a jikin kwamfuta kai tsaye, ba ta cikin na'urar da ke ƙara ramukan USB ba.

Idan an gyara duk waɗannan kuma hoton bai yi ba, to an kai lokacin saye. Kada a dogara da rubutun kwali, domin akwai kyamarori marasa suna da aka buga wa 1080p ko 4K alhali ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi. A tafi da kwamfuta shagon, a ce wa mai kaya, “Alhaji, a ba ni izini in gwada ta a nan kafin in biya,” kuma ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. A buɗe manhajar Camera ta Windows, a riƙe takarda mai rubutu a tsawon hannu a ga ko haruffan suna karantuwa, a kaɗa hannu a ga ko motsin yana jan jela, sannan a matsa zuwa lungun shagon mafi duhu a sake gwadawa, tunda hasken bakin titi da rana yana rufa wa kowace kyamara asiri. A ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma ana magana, a saurare shi da iyafis. A tambayi sharaɗin mayarwa, a karɓi rasit. Wanda yake da tsohuwar wayar Android a ajiye yana iya gwada ta tukuna da manhaja irin DroidCam, domin kyamarar bayan waya sau da yawa ta fi ƙaramar kyamarar kwamfuta.

Sabuwar kyamara takan zo da siririyar leda a kan idonta, kuma akwai waɗanda suke amfani da ita a haka suna kukan hazo, don haka a ɓare ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashin cikin 'yan kwanaki; a fara hure ta, sannan a goge da ƙyallen tabarau mai laushi, ba da bakin riga ba, saboda idon yawancin masu arha na roba ne kuma yana saurin karcewa. Bayan kira a rufe idon da murfinsa ko a zare igiyar, don ƙura da kuma sirrin gida. Kafin kowane kira mai muhimmanci a shiga da minti goma, a buɗe zoom.us/test, inda ake gwada hoto da makirufo da lasifika ba tare da kowa yana gani ba, a tabbatar kwamfuta da fitila da waya duk suna da caji.